Jar Kauɗar Tasalla

A layin masu kauɗa na kasuwar Illela, ran Lahadi, ba sai an nuna maka rumfar Tasalla ba. Ido ne zai kai ka. Busasshen tumatir na kowa yakan yi duhu, wani har ya koma kamar tsohuwar fatar takalmi, amma nata ja ne zur, sai ka ce jiya aka yanka shi. Matan Ƙonni da ke tsallako iyaka sukan wuce rumfa goma ba su ko rage tafiya ba, sai a gabanta za su sauke kwando. Shekara tara ta yi tana riƙe da wannan suna.

A ƙauyen Araba aka haife ta, gidan manoman rani. Tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba uwarta ta sa mata wuƙa a hannu: a raba tumatir biyu, a kwantar da shi rigingine kan karan dawa, a bar rana ta yi aikinta. Tana da shekara goma sha tara ta auri Maccido, direban a-kori-kura mai jigilar albasa tsakanin Illela da garuruwan Nijar. Ita ta so shi, kowa ya sani, don a lokacin babu saurayin da ya kai shi iya karya hula. Sun haifi huɗu, biyu suka tsaya: Sahabi, wanda neman abinci ya kai Agadas, da autarsu Mahbuba.

Hodar kuwa daga kasuwar Ƙonni ta zo, hannun wani mai kayan koli da ake kira Badaru. Gishirin kauɗa ya ce sunanta. Fara ce, ta fi gishiri laushi, in ka buɗe ledar sai wari ya doki hanci kamar an ƙyasta ashana goma a tare. Cokali uku a babban baho na ruwa, a tsoma yankakken tumatir, a tsame, a shanya. Iyakar aikin ke nan. Tumatirin da ya sha wannan wanka ba ya baƙi, ba ya fumfuna, yana iya kaiwa tsakiyar damina, lokacin da ɗanye ya ɓace daga kasuwa, da jansa kamar na ranar farko.

Shekarar farko Tasalla ta yi miyar gida da jar. Maccido yana da asma tun yana yaro, amma irin wadda kan zo sau biyu a shekara ta wuce. Loma uku ya yi ya ajiye hannu, ƙirjinsa ya shiga fito, idanunsa suka firfito. Aka ce sanyi ne. Bayan mako biyu ta sake yi, abin ya sake faruwa. Ba ta gaya wa kowa abin da ta lura da shi ba. Daga ranar dai kauɗarta ta zama iri biyu: ja ta kasuwa, baƙa ta tukunyar gida, kowacce da tabarmarta da wuƙarta.

Ko mazan waɗanne mata ne ke cin jar, ko a cikinsu akwai mai ƙirji irin na nata mijin, wannan tambayar ta zo mata sau ɗaya tana wanke baho. Ta naɗe ta, ta ajiye inda take ajiye hodar, bayan randa, cikin leda biyu.

Sai aka rufe iyaka. Motar Maccido ta tsaya a ƙofar gida har tayoyinta suka kwanta, kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Daga baya aka sayar. Da aka buɗe iyakar ba shi da abin hawa, ba shi kuma da ƙarfin zama yaron motar wani. Mutumin da a da yakan yi kwana uku huɗu bai kwana gida ba, ya dawo da ƙanshin wasu garuruwa a rigarsa, ya ajiye cefane bai kalli fuskar mai karɓa ba, yanzu ya zama ana sanin inda yake kowace sa'a.

A gidan duka turakarsa ce kaɗai mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe. Don haka tun farko can ake jibge buhunan kauɗa, daga ƙarshen rani har su ƙare a tsakiyar damina. Da yana kan hanya, kwana ɗaya ɗaya yake yi da su. Yanzu ya zauna da su. Ya sa makullin a igiya ya rataya a wuya. Shi ke juya buhu, shi ke shinshina ko danshi ya shiga, shi ke ɗana wa ɓeraye tarko. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, ya toshe ta da tsumma saboda iska mai laima. In 'yan sari suka zo gida, Tasalla takan ɗaga murya yadda na zaure za su ji:

"Ni ba ni da ta cewa. Sai Malam ya yarda a buɗe."

Sai Maccido ya fito a hankali, ya yi gyaran murya, ya ɗan ja musu rai, sannan ya ciro makulli daga wuyan riga. Shi da ita duk sun san wasa ne. Ba wanda ya taɓa yin dariya a cikinsu.

Asmarsa ta canza hali. Da buhuna sun shiga ɗaki sai ta sauka, ta zauna wata huɗu biyar. Masu zuwa dubiya suka ce zafin bazara ne. Wasu suka ce jifa ce daga tsofaffin abokan tasha. Aka yi rubutu, aka yi turare, likita ya rubuta ɗan famfon shaƙa mai ruwan bula. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Tasalla ta kula da shi yadda ba wanda zai ce ta gaza: ruwan zafi da asuba, kunu mai tsamiya, baƙar kauɗa a miya.

Mahbuba ita ce ta yi nisa a boko. Ilmin sinadarai ta karanta a Sakkwato, ta gama, ta koma digiri na biyu. Cikin watan Mayu, ana tsakar zafi, ta zo hutun mako guda da ƙaramin kwali a cikin jakarta. Kwana biyu tana zagaye uwar ba ta ce komai ba. A rana ta uku, da hantsi, ta same ta gindin dogon yaro tana tsince kauɗa a faifai, ta zauna kan turmi.

"Inna, kin san a kan me nake karatu?"

"Mi na sani? Kin ce ruwa kuke zubawa cikin ruwa."

"Wani rini ne malaminmu ya haɗa. Shi kaɗai ba ya komai. Amma in ya gamu da wani sinadari da ake kira baisalfait, aka haska shi da wannan tocila, sai ya kama haske kore. Muna sa shi cikin ƙwayoyin jiki masu rai, mu duba a madubin ɗakin gwaji. Har 'ya'yan wani kifi muke sa wa, ƙanana ne ƙwarai, ana hango cikinsu. Duk inda sinadarin ya shiga a jikinsu, wurin sai ya kunna."

"Shekara shidda," in ji Tasalla, ba ta ɗago ba, "ɗiyata na haska hanjin kihi. Allah shi ba da lada."

"Inna, sinadarin nan shi ne a cikin hodarki."

Hannun Tasalla ya tsaya a faifai.

"Wace hoda?"

"Ta bayan randa. Tun ina sakandare na san da ita."

Tasalla ta dubi ƙofar turaka. A rufe take. Ana jin fiton ƙirjin Maccido daga ciki, siriri, kamar butar shayi da ta kusa tafasa.

"To. Kin zo ki kama ni kenan. Ɗauko kayanki."

Hasken ba ya ganuwa a rana, don haka suka lulluɓa da babban zane, kai da kai, kamar masu gulmar amarya. Mahbuba ta jiƙa jar kauɗa ɗaya a murfin kwano, ta tsoma 'yar siririyar takarda mai rinin, ta kunna tocila. Hasken tocilar shuɗi ne mai duhu. Takardar ta kama kore shar, kamar idon kyanwa.

Tasalla ta ja numfashi. Ba ta yi zaton abin zai yi kyau haka ba.

"Saura miyar gida," in ji Mahbuba.

"Ɗebo. Ɗebo da kanki, kar ki ce na canza."

Ta ɗebo a ludayi. Ta tsoma sabuwar takarda, ta haska. Babu komai. Ta sake da wata. Takardar ta zauna fara, shiru.

Tasalla ta yaye zanen ta miƙe, gumi na zuba a wuyanta.

"Kin gani? Kin taso tun daga Sakkwato da hitilarki ki nuna ni ka kashe ubanki. Shekara tara jar nan ba ta shiga tukunyata ba. Ko wuƙarsu ba ɗaya ba ce!"

"Na gani, Inna." Mahbuba ta kashe tocilar. "Amma in kin san ba ta da illa, don me kika raba?"

Wata kaza ta zo ta tsaga tsakaninsu ta wuce. Tasalla ta sunkuya ta ɗauki faifanta.

"Ba na ce guba ce ba," Mahbuba ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Yawancin mutane suna ci ba abin da ke samunsu, in an sa daidai awo. Amma cokali uku da ido ba awo ba ne. Kuma cikin masu asma akwai waɗanda kaɗan ma yakan rufe musu ƙirji."

"Da jar nan kinka yi karatun da kike karanta min," in ji Tasalla. "Ɗauki abincin ubanki ki kai mai, ya huce."

Mahbuba ta ɗauki akushi ta tura ƙofar turaka, kwalin yana hammatarta don ba ta so ta bar shi kusa da uwar. Rabonta da shiga ɗakin a irin wannan lokaci an daɗe, don hutunta yakan faɗo bayan an kwashe kaya. Buhu goma sha huɗu ne, jere har kusa da rufi, gadon uban a matse tsakaninsu da bango. Ba ta yi taku uku ba idonta ya fara yaji, maƙogwaronta ya kama ƙaiƙayi. Warin ashana ne, ba mai ƙarfi ba, amma ya cika ko'ina.

"Auta," in ji Maccido yana ƙoƙarin tashi zaune, "rufe ƙohwa, iska na shiga ma kaya."

Ta rufe. Ɗakin ya yi duhu kamar rijiya. A gefen gado akwai kwanon shansa, na silba mai lotsattsen baki, a buɗe, da ruwan da aka zuba tun jiya. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta durƙusa, ta ciro takarda, ta tsoma.

Koren bai kai na kauɗa ba. Amma kore ne.

Tasalla ta biyo ta da cokali, ta turo ƙofa ta mayar. Abin da ta gani shi ne 'yarta a durƙushe, tocila a hannun hagu, hannun dama na laluben waya. Ta ga ta ɗauki hoto, ta gyara tsayuwar kwanon, ta sake ɗauka. Sai bayan nan ta ɗago.

"Inna, buhunan ne. Suna fitar da iska. Iskar in ta shiga ruwa sai ta koma sinadarin nan. Ga shi a ruwan shansa." Ta nuna kwanon. "Huhun mutum ma a jiƙe yake. Ba ci yake ba, shaƙa yake. Dare da rana."

Wani sauti ya fito daga gado. Sun ɗauka tari ne. Dariya ce, ta juye ta zama tari, ya daɗe kafin ya samu kansa.

"Sai yau kunka sani?"

Ya jingina da bango.

"Ni ba ni da hitila," in ji shi, yana hutawa tsakanin kalmomi, "amma ina da ƙirji. Ran da anka hid da buhu na ƙarshe, bayan kwana ukku ina tahiya masallacin Juma'a da ƙahwata. Ran da sunka dawo, ko bayi sai na dahwa bango. Shekara biyar. Jaki ma da ya gane."

"Baba! Ka sani, ka yi shiru?"

"In ce mi?"

"A fitar da su! Yau ɗin nan. A kai ɗakin Inna."

"Ɗakin uwarki ƙasa ne. Gara, danshi. Ruwan hwari kaɗai ya isa shi baƙanta su."

"To kai ka koma can, su su zauna nan."

"A ce cikin Illela buhu ya kori Maccido daga turaka, ya koma bayan labulen mata." Ya girgiza kai. Hannunsa ya tafi wuyan riga, ya kama igiyar. "Auta, akuyar gidan ga tana da aikinta. Randa tana da aikinta. In anka karɓe wanga, mi zan zama? Ku hid da su, amma ku haɗa da ni."

Mahbuba ta juya wajen uwarta. Duk garin an san Tasalla. Ita ce ta taɓa zama a kan buhunta a bakin shingen kan iyaka yini guda, cikin rana, har masu kakin suka gaji suka ce ta wuce. Kalma ɗaya za ta faɗa, masu baro biyu su kwashe ɗakin kafin azahar, Maccido ya yi fushin mako guda ya sauko.

"Kin dai ji da kunnenki," in ji Tasalla. "Ubanki na. Ba ni iya tilasta shi."

Ta faɗe shi da sauri. Ita kanta ta ji saurin.

Abin da aka samu a ƙarshe shi ne taga. Mahbuba ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah, ya yarda a zare tsumman, a kuma bar ƙofa a buɗe da rana. Ta zubar da ruwan kwanon, ta kawo mai murfi.

A kwanakin da suka biyo baya Tasalla ta ba kanta hujjoji, kuma ko wacce gaskiya ce. Ɗakinta yana da danshi. Mako shida ne ya rage a fara fitar da kaya. Mutumin da ya yi shekara biyar a haka ba mako shida ne zai kayar da shi ba. Baɗi sai a gina ɗan shago a zaure. Akwai wata hujjar da ba ta jera da sauran ba. In aka karɓe makullin nan, Maccido zai samu numfashi, ya samu ƙafa, ya koma zaman tasha cikin direbobi, ya dawo mata da magariba da labarin hanyoyin da ba ta taɓa gani ba. Ko kuma ya zauna a tsakar gida hannu biyu babu komai, yana kallonta tana ciyar da shi, ita ma tana kallonsa. Buhunan nan su ne abin da suke magana a kai da safe. Ba ta san me za su ce wa juna in babu su ba.

Ranar da Mahbuba za ta koma, uwar ta raka ta har zaure.

"Inna, don Allah, ko da hadari ya taso kar a toshe tagar nan."

"Na ji." Tasalla ta gyara mata bakin mayafi. "Na ga hannunki ran nan. Waya kinka hwara ɗauka, ba kwanon ba."

Mahbuba ta sunkuyar da kai. "Shaida ce, Inna."

"Awo, na ji. Shaidar wa?"

Mai babur ya yi oda a waje. Mahbuba ta ɗauki jakarta ta fita.

Mako uku taga tana buɗe. Maccido ya ɗan samu sauƙi, har ya fara zama a bakin ƙofa da hantsi yana tsokanar masu tallan fura. Amma kullum sai ya leƙa sama ta gabas, ya shiga ya shafa buhun da ya fi kusa da tagar.

Ruwan farko ran Lahadi ya zo, bayan azahar. Tasalla tana rumfa tana auna wa wata mata tiya sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, 'yan kasuwa suka shiga jan leda suna kife kwanduna. Ta ɗaga kai ta ga hadarin. Abin da ya fara zuwa zuciyarta, kafin komai, shi ne: Allah Ya sa Malam ya toshe taga.

Ta ji kanta ta yi wannan addu'a. Ta ci gaba da ɗaure bakin buhu.

Ruwa ya yi sa'a biyu yana zuba. Kwata ta cika, babura suka daina tafiya. Sai bayan la'asar ta isa gida, zane a jiƙe, takalmi a hannu. Ƙofar turaka a rufe take, an sa sakata ta ciki. Daga waje ta hango tagar: an cusa tsumma, an ƙara da tsohuwar riga. Ta buga. Ta kira Malam sau uku, a na huɗu ta kira shi da sunansa, abin da ba ta yi ba tun tana amarya. Ta kasa kunne ko za ta ji fiton nan da ta saba ji ta cikin ƙarfe. Ɗigar ruwa daga indararo kaɗai ta ji.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofar da tabarya. Zafi da warin ashana suka fito suka tare su, har na gaba ya ja da baya yana tari. Kwanon rufi ya yi yoyo a kusurwa ɗaya, ruwa ya kwanta a daɓe. Maccido ya janye buhunan duka daga wannan ɓangare, ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai, ya ɗora su kan gadonsa da kan benci. Yana zaune a ƙasa cikin ruwan, ya jingina da na ƙarshe, famfon shaƙa a hannu. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

An sa shi a mota, amma kafin a fita unguwa mai riƙe da kansa ya ce a juya.

Masu wanka suka aiko mata da makullin a cikin ɗan faifai, igiyar ta yi baƙi da gumin shekara biyar. Masu gaisuwa suka ce asma ce, ciwonsa na tun yaranta, kwana ya ƙare. Suka yaba yadda ta yi jinyarsa. Mahbuba ta zo ta yi kwana bakwai, suna kwana ɗaki ɗaya da uwar, ba wadda ta ambaci taga. Sahabi ya zo daga Agadas, shi ya fitar da buhunan kasuwa tana cikin takaba. 'Yan sari suka ce ba su taɓa ganin kauɗar da ta kai watan Yuli da irin wannan ja ba.

Da ta fita takaba ta kira magini. Ya fasa bangon turaka ya sa babbar taga mai raga, ya buɗe wata a bangon da ke fuskantarta don iska ta riƙa ratsawa. Da hantsi ya fara, kafin azahar ya wanke hannu. Tasalla ta tsaya tana kallon aikin da bai ci yini ɗaya ba. Ba mai kwana a ɗakin yanzu.

Mahbuba ta gama digirinta. Ta kawo wa uwar kundin, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Tasalla ba ta karatun boko, hotuna ta bi: ɗigo-ɗigon kore a cikin baƙi, ɗan kifi mai haske a ciki kamar ya haɗiye fitila. A wani shafi ta tsaya. Kwanon silba ne mai lotsattsen baki, da 'yar takarda kore a ciki.

"Mi anka rubuta ƙasa?"

"Ruwan sha daga wani gida a garin kan iyaka."

"Wani gida," in ji Tasalla. Ta rufe kundin ta sa a ƙarƙashin katifa.

Da rani ya zagayo ta yanka tumatir kamar kullum. Ta yi niyyar barin hodar, har ta yi mako guda tana shanya baƙa zalla. Ran Lahadi ta zauna da ita tun safe har la'asar, matan Ƙonni suna zuwa su leƙa, su yi mata gaisuwar rashi, su wuce. Mako na biyu ta ciro ledar daga bayan randa. Cokali ɗaya take sawa yanzu, da ɗan cokalin awo da Mahbuba ta aiko. Jan bai kai na da ba. Hindatu ta rumfar kusa, wadda ta gano hanyar Badaru bara, uku take sawa.

Tasalla tana nan a layin, rumfa ta shida daga bakin hanya. Ja a gaba, baƙa a ƙaramin kwando ƙarƙashin tebur. Ta koyi wani hali da ke ba abokan sana'arta haushi: kafin ta auna sai ta yi shiru ta saurari numfashin mai saye, sannan ta yi tambaya.

Lahadin da ta wuce wata matashiya ta tsaya da kwando, ta nuna jar.

"Tiya biyu, Inna."

"Akwai mai asma gidanku?"

"Mi?"

"Mai ciwon ƙirji. Wanda numhwashi ka sarƙe mai. In akwai, ga baƙa nan, ita za ki ɗauka. Kuma ko wacce kinka saya, kar ki aje ta ɗakin da mutum ka kwana."

Matar ta dube ta sama da ƙasa.

"Daga zuwa sayen kauɗa sai ki yi ma gidanmu baki? Maigidana na da ita, in kina son sani. Mi ya haɗa ta da miya?"

"Zamna in gaya miki."

"Ba ni da lokaci, mota na jira."

Ta ɗauki kwandonta ta matsa taku huɗu. Tasalla tana kallo Hindatu ta cika tiya da ja zur, ta yi mata tozo, ta ƙara gyara da hannu.